Neman shawara: na binne yakon a bayan gida, ya ƙi fitowa

Maman Ilham, Bukuru:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu lambun bayan gida. Da fatan an tashi lafiya, ya sanyi? Shawara nake nema a kan wani abu da ake kira yakon. Ƙanin maigidana ne da ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin saro kaya ya kawo mana shi tsaraba a watan jiya. Ya ce a can cikin kayan marmari ake sayar da shi, kuma wai masu ciwon suga suna ci. To surukata Hajiya tana tare da mu, ta daɗe da wannan lalura, an raba ta da rake da zuma da kusan duk abin da ranta ke so. Idan ka gan shi sai ka rantse dankalin Hausa ne, dogo, bayansa ruwan ƙasa. Amma da ka fere sai ka tarar cikinsa garau, ruwa-ruwa, ɗanye ake ci, yana ƙaras-ƙaras a baki, zaƙinsa kuma daidai misali. Hajiya ta ji daɗinsa ƙwarai, har ta ce in dai ana shuka shi, a shuka mata.

Na ɗauki biyu na binne a kunyar da na cire karas, ina ba su ruwa safe da yamma. Shiru. Jiya na tona in gani: ɗaya ya ruɓe ya zama ruwa, ɗayan yana nan yadda na sa shi, ko alamar toho babu. Saura kaɗan a kwali, kuma kullum raguwa suke yi. Yaya ake shuka shi ne? Zai yi a ƙasarmu ta Filato kuwa, ko asarar ruwa nake yi? Sannan maganar masu ciwon sugan nan gaskiya ce, ko zancen 'yan kasuwa ne? Wurin da nake da shi bai fi taku goma ba a jikin katanga, rana na samunsa daga hantsi zuwa la'asar, kuma muna da rijiya. Allah ya saka da alheri.

Baban Zara, Kano:

Wa alaikumus salam. Ki yi masa irin ta doya mana. Ki yanka gunduwa-gunduwa, ki shafa toka a bakin yankan, ya sha iska kwana biyu sannan ki binne. Kuma ki rage ruwan nan, safe da yamma ya yi yawa da wannan sanyin naku.

Hajiya Umma, Leicester:

Baban Zara a yi haƙuri, wannan karon dabarar doya ba za ta fisshe mu ba. Maman Ilham, don Allah kar ki yanka ko ɗaya, ki bar wa Hajiya abinta ta ci. Ina noma shi a ɗan filin da ƙaramar hukuma ke ba mu haya a nan Ingila, kuma abin da ya same ki shi ke samun duk wanda ya fara ganin yakon a kasuwa kafin ya gan shi a gona.

Wanda ake ci ba ya tsirowa. Ba shi da ido ko ɗaya. Saiwa ce kawai da shukar ke tara ruwa da zaƙi a ciki, ko wata nawa zai yi a ƙasa ba abin da zai fito, ƙarshenta ya ruɓe kamar yadda kika gani. Dankalin turawa yana da idanu a jikinsa, doya ma tana tohowa daga bawonta, shi ya sa hankali ke ba mutum wannan ma haka ne. Amma ki tuna rogo. Wa ya taɓa binne rogon dafawa ya fito masa? Karansa ake dasawa.

Idan aka tumɓuke gindin yakon guda, abu biyu ake gani. Daga ƙasa akwai manyan saiwoyin nan dogaye da suka bazu ta kowane gefe, su ne na ci. Daga sama kuma, daidai inda kara ya shiga ƙasa, akwai wani curi mai ƙulle-ƙulle, ja-ja zuwa shunayya, kamannin ɗanyar citta da ta dunƙule wuri ɗaya. A jikin kowane ƙulli za ki ga ɗan tsinin toho. Wannan curin shi ne iri. Shi ake ɓarewa, kowane ɓari kamar girman ƙwan kaza mai ido biyu ko uku, a shuka. Gindi ɗaya mai lafiya yakan ba da ɓari biyar ko fiye. Manoman da ke kai shi kasuwa kuwa sun san darajar abinsu, tun a gona suke yanke curin su ajiye, su turo muku saiwar.

Idan ya girma yakan yi 'yan furanni ƙanana rawaya, amma kar ki sa rai da ƙwayar furen, da wuya ta tsira.

Ɗan Zariya, Kunming:

Salamu alaikum iyayena da yayyena. Mama Umma ta gama magana a kan iri, ni tambaya ta biyu zan taɓa. Karatun aikin gona nake yi a nan lardin Yunnan, inda ake noma shi da yawa ana kaiwa sauran biranen Sin. Da sanyi ne kakarsa, shi ya sa ƙanin baban Ilham ya same shi a watan jiya. Kunming tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,900, bazararsu ba ta da zafi irin namu.

Amma su ma Sinawa baƙo ne a wurinsu. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, tun daga Kolombiya da Ekwado, ta Peru da Bolibiya, har arewacin Ajantina, wato dai yankin da dankalin turawa ya fito. A can 'yan gindi kaɗan ake sawa a gefen gonar masara ko a bayan gida, daga tsayin kusan mita 1,000 zuwa sama da 3,000. Sun daɗe da shi tun kafin zuwan Turawan Sifaniya. Wani limamin coci mai suna Bernabé Cobo ya rubuta a 1653 cewa ɗanye ake cinsa, yana sanyaya jiki da zafi, har ana guzurinsa a jirgin ruwa saboda yana jure kwanaki. Daga baya aka kai shi Nuzilan, daga can ya shiga Japan a tsakiyar shekarun 1980, sannan ya bazu a gabashin Asiya.

Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su. Yana son yanayi tsakanin digiri 18 zuwa 25, da dare mai sanyi, da danshi wanda ba ya yankewa na wata shida zuwa bakwai. Jos tana kan kusan mita 1,200, daminarku daga Afrilu zuwa Oktoba. A ganina in dai akwai inda zai zauna lafiya a Najeriya, to Filato ce da tsaunin Mambila.

Sannan Anti, kafin ki fid da rai, ki zazzage kwalin nan ki duba wuyan kowanne, wato siririn ɓangaren da ya rabu da uwar. Galibi ana yanke shi tas. Amma a kasuwa a nan nakan ga wani ya zo da ɗan guntun curi a maƙale, musamman idan da hannu manomi ya ɓalle ba da wuƙa ba.

Maman Ilham, Bukuru:

Allahu Akbar. Na zazzage. Duk an yanke su sumul sai ɗaya, ƙaramin cikinsu ma, wanda ake ta turewa gefe don bai yi kyan gani ba. A wuyansa akwai ɗan ƙulli ja bai fi kan babban yatsa ba, da tsini biyu fari-fari. Na kai shi ɗakina kafin yara su dawo daga Islamiyya. Hajiya Umma, ƙullin zan yanke ne ko in binne shi duka?

Hajiya Umma, Leicester:

Masha Allah, kin dace. Kar ki cire ƙullin shi kaɗai, ya yi ƙanƙanta, bushewa zai yi. Kar kuma ki binne duka, saiwar za ta ruɓe ta ja shi. Ki sa wuƙa mai tsabta ki yanka, ki bar masa saiwa kamar tsawon yatsa a jikinsa, ya samu abin sha kafin ya yi jijiyarsa. A nan ne shawarar Baban Zara za ta yi aiki: toka a bakin yankan, ya sha iska a inuwa kwana ɗaya ko biyu.

Sai ki nemi tsohon bokiti, ki huda gindinsa sosai, ki cika da ƙasa mai laushi haɗe da yashi da takin da ya gama ruɓewa. Ki sa shi idanun na kallon sama, ƙasa ta rufe shi da kamar santimita 3 zuwa 5. Danshi kawai yake so, ba jiƙa ba. Sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe sannan ki ƙara ruwa. Ki ajiye inda hantsi ke samunsa amma rana tsaka ba ta dukansa. In da rabo, cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga ganye masu gashi-gashi sun ɓullo. Ban yi miki alkawari ba fa, ƙulli ɗaya ne kuma ya sha tafiya.

Idan ya kama, daga shi kaɗai za ki iya tara iri, don karansa ma yana kamawa. Idan ya kai ƙugu, kafin ya yi fure, ki yanki reshe mai gaɓa biyu ko uku, ki rage masa ganye, ki soka a yashi mai danshi a inuwa. Na reshe ba ya cika yin saiwa da yawa a shekarar farko, amma yana yin curi, kuma bana curin ne abin nemanki.

Malam Ɗanjuma, Bokkos:

Ina yi wa kowa sallama. Ni manomin dankalin turawa ne, kuma tsorona ɗaya ne. Duk abin da ake shukawa daga jikinsa ba daga ƙwaya ba, to da cutarsa yake yawo. Mu nan mun ga yadda iri ke gajiya shekara bayan shekara, ganye ya nannaɗe, 'ya'ya su ƙanƙance, sai an koma neman sabo mai tsabta irin na cibiyar binciken dankali da ke Kuru. Yakon ma ana samun cututtukan bairos a jikinsa, har da mai kama dankali. Shi ya sa doka ta ce irin shuka ba ya shigowa ƙasa sai da izinin hukumar NAQS mai killace kayan gona, da takardar shaidar lafiyarsa daga ƙasar da ya fito. Duk wanda wannan hirar ta ba shi sha'awa har yake tunanin a cuso masa curi a akwati, don girman Allah ya bi ta hanyar. Abincin dubban gidaje a Bokkos da Mangu a kan dankali yake.

Naki kuwa tunda ya riga ya shigo a matsayin tsaraba, ki riƙe shi a bokitinsa nesa da dankali da tumatir da attaruhu har ya yi ganye shida ko takwas. Idan kin ga ganyen na dabbare-dabbaren rawaya, ko yana murɗewa, ko shukar ta tsugune ta ƙi tashi, ki tumɓuke ki ƙona, kar tausayi ya hana ki.

Sai maganar ƙasa. Na san Bukuru. Wasu unguwannin a kan turɓayar tsofaffin ramukan kuza suke, tsakuwa da jan laka, in ruwa ya sauka ya kwanta, in rana ta fito ƙasa ta ƙame. Saiwa mai ruwa irin wannan ba za ta ji daɗin haka ba. Ki sa a yi miki kaftu mai zurfi, kamu ɗaya, a tsince duwatsu, a zuba takin shanu ko na awaki wanda ya kwana biyu, a tayar da kunya mai tudu. Agusta ce abin tsoro a Filato, sai a yi mako ana yayyafi ba a ga rana ba, duk abin da ke kwance a ƙasa a lokacin ruɓewa yake yi. Kuma ki tuna saiwar karas ɗin da kika cire: idan kin ga ƙuraje-ƙuraje a jikinta, ko a saiwar tumatir, kar ki sa shi a wannan kunyar. Tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, shi ma tana kama shi.

Sani Mai Kaji, Jos:

Anti in taki ne ki aiko a ɗiba, kashin kaji na nan buhu-buhu. Ki haɗa masa da yuriya, wata biyu ya wuce katanga.

Malam Ɗanjuma, Bokkos:

Sani, zai wuce katangar kam, amma ba katanga za a ci ba. Kashin kaji da yuriya ganye suke turawa. Abin da ke yin ƙasa, idan wannan takin ya yi masa yawa sai ya tafi a kara da ganye, saiwar ta yi kaɗan, wadda ta yi ɗin ma ta tsattsage. Kashin kaji kaɗan wanda ya huce, tun wajen gyaran kunya, ba laifi. Bayan haka toka ta fi masa amfani, tafi ɗaya a zagaye gindin idan ya kai gwiwa, a yi masa huɗa a rufe.

Hajiya Umma, Leicester:

Gaskiyar Malam. Ki kuma ba shi fili, don ba ƙaramar shuka ba ce, yakan kai mita biyu, ganyensa ya fi tafin hannu biyu. Mita ɗaya tsakanin gindi da gindi. Ki dasa shi idan damina ta zauna, ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ki lulluɓe kunyar da busasshiyar ciyawa. Karansa yana da rami a ciki, iska mai ƙarfi kan karya shi, to jikin katangar nan taki ya yi daidai, ki dai kafa masa sanda ki ɗaure. Idan kin ga ganyen ya yi laushi da rana tsaka kar hankalinki ya tashi, ki duba shi da magariba. In ya miƙe, lafiyarsa lau.

Baban Zara, Kano:

To na karɓi gyara. Mu 'yan Kano fa, haka za mu zuba ido?

Ɗan Zariya, Kunming:

Baba, ganyen zai iya jure zafi har kusan digiri 40 idan ruwa bai yanke masa ba, amma jurewa daban, yin saiwa daban. Idan dare bai yi sanyi ba, shukar ba ta tara komai a ƙasa. Daminar Kano kuma wata huɗu ce, ga ta da ɗumi. Ƙofa ɗaya da nake gani ita ce a shuka a Oktoba a yi ta ban ruwa cikin hunturu zuwa farkon Maris, lokacin da ake alkama a Kadawa. Wata biyar ke nan, bai cika ba, abin da za a tona ba zai taka kara ya karya ba. Babbar wahalar ma ita ce yadda curin zai tsallake Afrilu da Mayu bai bushe ba bai kuma ruɓe ba. In don sha'awa ne a gwada gindi ɗaya a buhu a inuwar mangwaro. In don ci ne, ka yi zumunci da mutanen Bukuru.

Modibbo, Gembu:

Mu da ke noman ganyen shayi da kofi da fiya a kan tsauni muna saurare. Maman Ilham, in Allah ya raya shi, a tuna da mu a rabon iri.

Sarkin Lambu, Kaduna:

Ku kuna ta maganar saiwa, alhali maganin yana ganye. Na gani a bidiyo, dafa ganyen ake yi kamar shayi safe da dare, wata ɗaya suga ya tafi, har mutum ya ajiye ƙwaya da allura.

Sista Rabi, Zariya:

Sarkin Lambu, ina roƙonka da Allah kar ka ƙara faɗa wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa. A ɓangaren abincin marasa lafiya nake aiki, kuma muna ganin yadda ake kawo waɗanda suka bi irin wannan zancen.

Maman Ilham, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar da aka yi wa ƙanin maigidanki tana da tushe, amma an ƙara mata gishiri. Yakon kusan duk ruwa ne, kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari. Ba shi da sitaci irin na dankali da rogo da doya. Mafi yawan abin da yake tarawa wani nau'in zaƙi ne da ake kira FOS, wanda cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi, sai ya wuce har babban hanji, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke can su ci. Shi ya sa ba ya ɗaga sugan jini kamar rake ko lemon kwalba. Shi ya sa kuma idan aka ci da yawa ciki ke kumbura, a yi ta fitar da iska, wani ma har gudawa.

Sai dai ba FOS ne kaɗai a ciki ba, akwai suga na gaske, kuma yana ƙaruwa. Tun daga ranar da aka tono shi, FOS ɗin ke fara rikiɗewa yana komawa suga, musamman a wuri mai ɗumi ko a rana. Wanda ya taso daga gona a Yunnan ya bi kasuwa ya hau jirgi ya yi wata a kwali, ba ɗaya yake da wanda aka tono jiya ba. Idan kin lura na yanzu sun fi na ranar farko zaƙi, dalilin ke nan.

Binciken da masu talla suka fi jingina da shi an yi shi ne a Tucumán ta Ajantina, aka buga a 2009. Mata masu ƙiba aka ba ruwan yakon da aka dafa har ya yi kauri, kullum har kwana 120. Nauyinsu ya ragu, jikinsu ya ƙara jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita suga a jini, amma sugan jininsu na safe bai canja ba, kuma ba masu ciwon suga ba ne, ba su kuma da yawa. Waɗanda aka ninka wa adadin kuwa ciki ne ya hana su sakat. Ganyen kuma, gaskiya ne ana shan shayinsa a wasu ƙasashe, amma wani bincike a Barazil da aka buga a 2011 ya nuna ɓerayen da aka daɗe ana ba ruwan ganyen ƙodarsu ta taɓu. Mai ciwon suga dama ƙodarsa ce abin lallaɓawa. Ni ba zan ba mahaifiyata ba.

Saboda haka Hajiya ta ci saiwar a matsayin kayan marmari, yanka uku ko huɗu bayan abinci, ba a matsayin magani ba. Idan kuna da na'urar gwaji a gida, a gwada kafin ta ci, a sake bayan awa biyu, jikinta zai faɗa muku gaskiya. A kuma gaya wa likitanta a ranar asibiti.

Sarkin Lambu, Kaduna:

Allah ya huci zuciyar Sista. Na janye.

Maman Ilham, Bukuru:

Wallahi Sista kamar kina gidan. Shekaranjiya Hajiya ke cewa na ƙasan kwalin sun fi daɗi. Na gode ƙwarai. Na yanka kamar yadda Hajiya Umma ta ce, yana shan iska a kan taga. Saura abu ɗaya: in Allah ya sa ya yi, ta yaya zan san ya nuna? Kuma me ya sa yake baƙi da an fere?

Hajiya Umma, Leicester:

Baƙin da yake yi, iska ce ke jawo shi, ki matsa masa lemon tsami da kin yanka, ko ki tsoma a ruwa. Ki fere da kyau kuma, bawon yana da ɗan ɗaci.

Mu a nan sanyi ne ke yi mana shela. Daren da raɓa ta fara daskarewa, wajen Nuwamba, da safe sai ki tarar ganyen ya yi baƙi ya zube, to ranar tono ta zo. Ku ba ku da wannan, sai ki bi lissafi da ido: wata bakwai daga dashe, fure ya fito ya bushe, ganyen ƙasa ya fara rawaya. Zai kai ki ƙarshen Nuwamba ko Disamba. Tunda ruwan sama zai ɗauke tun Oktoba, rijiyarki za ta cike gurbin, sau biyu a mako, a kai a kai. Idan aka bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan aka kwarara ruwa, saiwar fashewa take yi.

Wajen tono ne ake asara. Kar ki bari yaro ya kama kara ya ja, kar kuma a sara da fartanya kusa da gindi. Saiwar tana da gautsi, kaɗan za ta motsa ki ji ɗas a cikin ƙasa, ki zaro rabi, ruwa na tsattsafowa daga inda ta karye. Ki sare karan ki bar kamar taki ɗaya, ki fara haƙa daga nesa, kamu ɗaya daga gindin, ki zagaye shi, sannan ki sa hannu ki yaye ƙasar har ki ga inda kowace ta nufa. Mutum biyu su ɗaga shi gaba ɗaya. Sai ki murɗe saiwoyin ɗaya bayan ɗaya daga jikin curin. Gindi mai kyau yakan ba da kilo biyu zuwa biyar, amma naki na bana ko biyu-uku kika samu ki gode wa Allah. Wadda ta karye a fara ci da ita, ba ta ajiyuwa. Sauran kar a wanke, a jera a kwali a ɗaki mai sanyi da duhu.

Mutanen Andes sukan shanya shi a rana 'yan kwanaki har bawon ya ɗan yamutse, don ya ƙara zaƙi, ni ma haka nake yi wa jikokina. Amma bisa bayanin Sista Rabi, na Hajiya kar ya ga rana. Tunda ƙasarku ba ta daskarewa, kina ma iya barin gindin a ƙasa ki riƙa yaye gefe kina ciro mata ɗaya-ɗaya.

Curin kuma ni a cikin ƙasa mai ɗan danshi nake ajiye shi a rumfa har sanyi ya wuce. Yadda zai yi da rani a Filato, Malam Ɗanjuma ya fi ni sani.

Malam Ɗanjuma, Bokkos:

Iskar hunturu ce za ta fara cinye shi idan aka bar shi a fili, kwana kaɗan ya ƙeƙashe. Ki samu tukunyar ƙasa ko bokiti mai huji, ki zuba yashi, ki binne curin dukansa ba tare da kin ɓare ba, ki ajiye a inuwa ta gefen da rana ba ta bugawa. Yayyafi kaɗan duk mako biyu ya isa. Ki ɗora tukunyar a kan bulo, ki zagaye da toka saboda gara, ki kifa kwando a kai saboda ɓera da gafiya, don suna son abin zaƙi. Wajen Maris zai fara toho da kansa, a lokacin ne za ki ɓare ki raba. Ciyawar da za ki lulluɓe kunya da ita ma ki riƙa ɗagawa kina dubawa, gara na son ta, kuma kar ta taɓa jikin karan.